Agogon da Ya Shiga Gandunmu

Tun bayan kaka, da ciwo ya kayar da ni a bakin rumbu, ɗana ya ɗauko ni daga ƙauye ya kawo ni gidansa a nan Tasawa, kuma daga ranar ƙafata ba ta sake taka gona ba sai bayan ruwan shuka. Ya ba ni ɗaki mai kyau, wannan ba ni da ta cewa. Siminti ne sama da ƙasa, ga katifa mai laushin da ke tayar wa tsoho ciwon baya, ga taga mai sandunan ƙarfe irin ta kanti. A bango, daidai inda idona ke sauka idan na kwanta, ya kafa agogo mai faɗin faifai don kada a kuskure lokacin magani. Likita ya ce hawan jini ne, su mutanen birni tansiyo suke ce masa, ya kuma rubuta ƙwayoyi na safe da na rana da na yamma, kowace da lokacinta. To shi ke nan, na zama ɗan gidan agogo. Shi ke cewa a kawo mini koko ko ban ji yunwa ba, shi ke cewa in kwanta ko idona biyu. Idan yara suka tafi lakwal karatu, ɗana ya tafi biro wurin aikinsa, surukata ta shiga madafa, sai gidan ya rage daga ni sai shi, yana ta ƙyas-ƙyas a kaina kamar gara ta samu zana. Ana yi masa kirari da agogo sarkin aiki, ni kuwa har yau ban ga abin da ya noma ba.

Abu ɗaya na roƙi ɗana tun ranar da aka sauke ni daga mota: ya mayar da ni gida kafin ruwan shuka. A gidanmu ba a shuka sai mai gandu ya fara. Tun da kaka shi zai zaɓi manyan zangarnu na gero ya ɗaure su daban ya rataye cikin rumbu. Idan ruwa ya sauka, mata su sussuke, ya cika ƙoƙo, ya tafi kusurwar gabas ta gona. Samari su sara masa ramuka da sungumi, ya yi bisimilla ya jefa iri, ya rufe da diddige, sannan ya waiwaya ya ce ku zuba. Sai a lokacin mata da yara za su bi layi. Ba farilla ba ce, ba na jin ma akwai malamin da ya taɓa ganinta a littafi, amma haka na tarar kuma haka na riƙe. Tun da ƙoƙon nan ya zo hannuna ban taɓa fashi ba, da shekarar ƙoshi da shekarar fari, har da shekarar da na binne uwar 'ya'yana. Irin bana ma da hannuna na zaɓe shi kafin in faɗi. Ɗan yayana, wanda ke riƙe da gonar yanzu, ya yi mini alkawarin zai jira ni. Ɗana kuma ya ce in sha Allahu, idonsa na kan salula. Na san irin wannan in sha Allahun, na ma'aikata ne, kuma tun daga ranar hankalina bai kwanta ba.

Zaman ɗakin nan ne ya sa na koma ina tuna yadda muke sanin lokaci da can, sa'ad da babu agogo ko ɗaya a garinmu, kuma ba mu taɓa jin mun rasa wani abu ba. Kunne ke gaya wa mutum. Kafin ladan ya buɗe baki, zakaru sun riga sun yi ta jifan juna da cara daga wannan danga zuwa waccan. Idan ka ji tabarya ta farko, tim, tim, daga gidan maƙera, ka san gari ya waye ke nan, don tsohuwar gidan ba ta yarda wata mace ta riga ta. Idan tabarya ta zama biyu a turmi ɗaya ana lugude, hantsi ya ɗaga, dakan fura ake yi. Igiyar guga na kuka a kan itacen bakin rijiya tun da sanyin safiya, idan ta yi shiru to rana ta take, kowa ya nemi inuwa, sai kurciya kaɗai ke surutunta a kan aduwa. Akwai jakin maƙwabcinmu da ba ya kuskuren azahar, har ana tsokanar ladan cewa shi yake saurara kafin ya tashi. Da yamma ƙura za ta taso daga bayan gari, awaki su shigo kowace tana kiran ɗanta, hayaƙin kara ya lulluɓe gidaje, ka san almuru ta yi. Idan mutum ya ce zai zo maka da hantsi, to hantsi yana da faɗi, da mai sauri da mai nawa duk za su shiga cikinsa ba wanda ya ɓata wa wani. Yanzu kuwa sai a ce ƙarfe kaza da minti kaza, ka makara kaɗan a ɗaure maka fuska kamar ka ci amana. A unguwar nan tabarya ma ban ji ta ba. Injin niƙa ke ruri tun safe har dare, babura na ta zarya, masallatai kuma duk a tare lasifikarsu ke tashi. In ba don taga ba, wallahi ba zan bambance walaha da la'asar ba.

Kada wani ya ce don na tsufa ne nake yabon da. Da ma tana da nata ƙangin, kuma na sha shi. Mu uku ne maza a gidan mahaifinmu: yayana, ni, da ƙanenmu. Dukanmu a gandu ɗaya muke, wato babbar gonar gida wadda kowa ke yi wa aiki a ci daga rumbu ɗaya. Kowane namiji kuma an yanka masa 'yar gamana, gonarsa ta kansa, abin da ya samu a ciki nasa ne, ya yi riga, ya sayi goro, ya yi toshin budurwa. Ƙa'idar ita ce a yi wa gandu aiki tun da safe har rana ta take ta ɗan karkata, sannan kowa ya wuce gamanarsa. Mai cewa rana ta karkata kuwa mutum ɗaya ne. Muna noma da hauya mai doguwar ƙota, wadda ake turawa a tsaye, to ita Baba zai kafa cikin rairayi, ya dubi inuwarta, ya dubi sama, ya tofar da yawu, sannan ya ce a tashi ko a ƙara layi ɗaya. Inuwar Baba kuwa tana da son kai. Ranar da ciyawa ta yi yawa ba ta karkata sai la'asar ta gabato, mu isa gamana da ɗan ƙarfin da bai fi na kaza ba. Amma ranar da ya lura zazzaɓi na cin jikina, ko ana suna a gidan surukan yayana, sai inuwar ta yi sauri, a tashi tun rana ba ta yi zafi ba, kuma ba zai taɓa gaya maka don kai ya yi ba. Muna gunaguni a ciki, ba mai ɗaga kai. Shi dai maganarsa kullum ita ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wata shekara yayana ya tafi cin rani Najeriya, ya samu aikin ban ruwan shuke-shuke a gidan wani Baturen Ingila. Da bazara ya dawo da akwatin ƙarfe da takalmin roba da wani abu naɗe cikin tsumma. Da ya kwance a zaure sai ga agogo, kewayayye kamar ƙaramin ƙoƙo, yana tsaye da ƙafafunsa, da ƙararrawa biyu a ka da mabuɗi a baya. Gari ya taru. Wasu na leƙe, wasu na ja da baya, wata gwaggonmu ta rantse akwai ƙwaro a ciki kuma zalunci ne a hana shi ruwa. Baba ya daɗe bai taɓa shi ba. Daga bisani ya ɗauka ya kara a kunne yana saurare.

"Mi shi ke cewa?" in ji shi.

"Bature ya ce tik-tok shi ke cewa, Baba."

"To mi ke nan da Hausa?"

Yayana ya sosa ƙeya ya ce ba komai, kukansa ne kawai, kamar yadda akuya take da nata. Baba ya ajiye shi a kan tabarma ya goge hannunsa a riga.

"Akuya in ta yi kuka, ko yunwa ko ɗa," ya ce. "Abin da ke magana dare da rana a ce ba shi cewa komi, ku yi hankali da shi."

Mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Amma agogon nan ya shiga raina. A lokacin na zama cikakken saurayi, gemu ya fara fitowa, ina neman aure, duk da haka sai in tafi ɗakin yayana in zauna kamar maraya don ya bar ni in murɗa mabuɗin. Idan ina jin bugunsa sai in ga kamar hanya ce ke kirana. Na ƙudurta a raina rani mai zuwa da ni za a tafi, in ga ƙasar da ake sayar da irin waɗannan abubuwa a kasuwa.

Daminar shekarar ta yi kyau, ciyawa kuwa ta taso kamar da gayya. Muna cikin noman firi, wato noman farko bayan shuka, inuwar Baba ta daina karkata gaba ɗaya. Gamanar yayana ta zama daji, ga matarsa da tsohon ciki, ga shi ya ƙarar da abin da ya kawo wajen tsaraba. Wata yamma ya kira ni da ƙanenmu bayan danga ya ce mana a gidan Bature idan agogo ya buga an tashi ke nan, ko da cokali na bakin mutum. Ya ce shi ba zai ci wa gandu ko taƙi ba, ƙa'idar da Baba ya kafa da bakinsa ita kawai yake so a bi, kuma ya je wurin liman sun daidaita allurar ƙararrawar da lokacin da rana ke karkata. Gaskiya ɗaya ce, yayana yana da hujja. Washegari ya zo gona da ƙwarya rufe da faifai, ya ajiye ta a gindin kalgo kusa da goran furarmu. Baba ya san abin da ke ciki, don duk wanda ya sunkuya shan ruwa zai ji bugun. Muka jera muka kama aiki. Wajen tsakiyar rana gajimare ya rufe sama, babu inuwar mutum balle ta ƙota, muna tsakiyar layi, sai ƙararrawar ta ɓarke. Tsuntsaye suka watse daga kan kalgo. A wurinmu kuwa ba a barin layi a tsakiya, ko albishir ɗin haihuwa aka kawo maka sai ka kai shi bakin iyaka kafin ka amsa goro. Yayana ya kakkaɓe ƙasar hauyarsa ya saɓa ta a kafaɗa.

"Baba, lokaci ya yi."

Baba bai ɗaga kai ba. Yayana ya je ya ɗauki ƙwaryarsa ya kama hanyar gamana. Ƙanenmu ya dube ni, ya dubi Baba, ya bi bayansa. Ni kuwa na tsaya riƙe da ƙota. Zuciyata ta riga ta bi su, ƙafata ce ta ƙi ɗaguwa. Ina kallon bayan tsohon, gumi ya manne masa riga, ana ƙirga haƙarƙarinsa, har ya kai layinsa iyaka. Sai ya dawo ya kama na yayana daga inda aka yar da shi. Ni ma na gama nawa na kama na ƙanenmu. Haka muka yi ta turawa har la'asar. Ranar Baba bai kafa ƙota ya dubi inuwa ba, kuma ban sake ganin ya kafa ta ba har ya bar duniya.

Ba zan ɗora wa agogo laifin duka ba, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma da aka gama girbi Baba ya tara dattawan dangi ya raba gandu. Yayana ya karɓi nasa kason, ya noma shi damina kaɗan, ya bar wa matarsa ya koma kudu, can ƙasa ta rufe shi. Ƙanenmu ya bi manyan motoci. Agogon kuma rairayi ya shige shi ya tsaya, yara suka mayar da shi abin wasa har ƙararrawar ta ɓalle. Ni aka bari da tsoho da abin da ya rage na gona. Da ruwan shuka ya sauka, muna tsaye a kusurwar gabas, sai ya miƙo mini ƙoƙon iri ya ce, "Kai ka tsaya, kai za ka hwara." Mutanen gari suka yi ta cewa ni ɗan albarka ne. Abin da na ji a ranar dai kamar an zarga mini igiya a ƙafa ne. Kowane rani sai in ce bana zan tafi in ga duniya, kowane rani kuma da abin da zai tare ni: ko tsoho ba lafiya, ko rumbu na son jinka, ko mace ta haihu. Ban taɓa wuce Maradi ba. Na yi shekaru ina jin haushin yayana, ina kuma yi masa hassada a ɓoye. Sai dai akuyar da ta daɗe a turke, ko an kwance ta nan za ta dawo ta kwanta. A hankali ƙoƙon nan ya zama shi ne ni. Idan na tsaya a gabas da gona, gida duka na bayana ana jiran bakina, nakan ji ban zo duniya a banza ba.

Jikata ta fari, wadda nake ce wa amaryata, malama ce, tana koyar da Ingilishi a wata kwaleji a nan cikin gari, kuma ita ke kawo mini ƙwayar yamma idan ta taso. Wata rana na nuna mata bango na ce ta gaya mini abin da wancan mai surutun ke cewa a bakin Turawanta. Ta yi dariya ta ce, "Angona, da tsuhwanka za ka shiga lakwal?" Na ce mata mijin malama ai ba a bar shi jahili ba. Sai ta zauna a bakin katifa ta yi mini bayani. Ta ce Faransawa tik-tak suke ji, mutanen Ingila kuma tik-tok, ashe yayana bai yi ƙarya ba. Ta ce kalmar ba ta da wani asali da ya wuce kunne, kwaikwayon ƙarar aka yi, kamar yadda mu muke cewa abu ya faɗi tim. Wai tun da can suna da tik, suna faɗinta ga ɗan taɓi marar nauyi, irin na kan yatsa a jikin ƙofa. Da aka ƙera manyan agogo masu wutsiyar ƙarfe da ke lilo, sai suka ji tafiyarta tik, dawowarta tok, suka haɗa su suka zama suna. Ta ƙara da cewa wannan na bangona ba shi da wutsiya, da pil yake aiki, wato batir, ƙararsa iri ɗaya ce tak, kunnen mutum ne ke raba ta biyu. Na kasa kunne na saurara, na ga gaskiyarta, abin ya ba ni haushi. Na ce mata mu a garinmu idan ka ji ƙara biyu a turmi, to mata biyu ne ke zubar da gumi, ba mu saba da wannan yaudara ba.

Sai na yi mata tambayar Baba. Na ce to ban da kwaikwayo, ba ta nufin komai? Ta ɗan yi tunani ta ce tana nufi. Wai idan suna son su matsa wa mutum, su nuna masa lokaci na ƙure masa, sai su dube shi su ce tik-tok. Ashe tsohon da bai san bihim da Turanci ba ya ji abin da ke cikin ƙwaryar nan tun ranar farko. Ni kuma ga ni kwance ana faɗa mini ita dare da rana, damina na matsowa. Na roƙe ta ta cire masa pil ɗin ko na yini ɗaya ne in huta. Ta ce Abbanta zai yi faɗa, ta miƙo mini ruwa da ƙwaya.

Bazara ta shigo da zafinta, ɗakin siminti ya koma tanda. Kullum da yamma ina bakin taga ina duban gabas, ina ganin hadari na haɗuwa yana watsewa. Kowace Juma'a idan ɗana ya shigo gaishe ni sai na tuna masa. Yau ya ce sai an sake ganin likita, gobe ya ce akwai reniyo, wato taro, a biro, jibi ya ce mota na gareji. Ba mugun ɗa ba ne, tsoro ke cinsa, na sani. Ranar da na matsa masa sai ya durƙusa ya ce, "Baba, in ka sake hwaɗuwa can, wa za shi ɗauko ka? Ba likita, ba hanya." Na ce masa duk waɗanda suka haife ni can suka faɗi, kuma ba a rasa masu ɗaukarsu ba. Ya sunkuyar da kai, na ga idonsa ya kawo ruwa, ni ma sai na ji kunyar abin da na faɗa.

Ruwan ya zo ranar wata Talata bayan la'asar, ɗana kuwa ya tafi misiyo, an aike shi aiki Maradi sai ƙarshen mako. Iska ta fara kaɗa ƙyauren taga, sai ƙamshin ƙasa ya shigo, wanda ko a kabari na ji shi zan gane. Aka yi ta zuba kamar da bakin ƙwarya. Na zura hannu ta tsakanin sandunan ƙarfe ina tarar ruwan, na san wannan na shuka ne, ba yayyafin yaudara ba. Da gari ya waye na sa rigata, na ɗauki sanda, na nufi ƙofar gida da niyyar in kai kaina tasha in shiga motar Maijirgi, garin da ke kan hanyar ƙauyenmu. Surukata ta fito ta durƙusa a gabana tana cewa Baba don Allah, Baba don Annabi, amma ba ta kulle ƙofa ba, ba ta kuma tare ni ba. Na ja ƙafa har bakin ƙofar. Akwai ɗan ƙarfe a dokinta wanda bai fi tsayin tafin hannu ba, yaro mai rarrafe ma yana haye shi. Na yi, na yi, ƙafar hagu ta ƙi ɗaguwa. Ga titi cike da ruwa, ga tasha can ƙarshen gari. Na zauna a kan dakali ina haki, ina kallon amalanken jaki na wucewa da mata da yara da sungumi, kowa ya nufi gona. Baƙin cikin da na ji a wurin ban ji irinsa ba tun rasuwar uwar 'ya'yana. Da jikata ta dawo na sa ta kira mini ɗan yayana, aka yi ta kira salularsa ba ta shiga. Ƙasarmu rairayi ce, laimarta ba ta jiran kowa, wannan ko yaron goye ya sani. Na sani, amma na ci gaba da gaya wa kaina ai ya yi mini alkawari.

Ranar Lahadi ɗana ya cika maganarsa. Na tattara 'yan kayana cikin jaka na sa aka ajiye a bayan mota, don na yanke cewa ko sama da ƙasa za su haɗu ba zan dawo ba. Ya ga jakar, ya tayar da mota. Muka wuce Maijirgi muka saki kwalta muka shiga rairayi, dama da hagu duk an shuka. Na ce kada ya tsaya a gida, ya wuce da ni gona. Tun daga nesa na hango ta, layi-layi, gero ya tsiro tsaye kamar allurai, kore shar har iyakar ganina. Ɗan yayana ya taho da gudu ya durƙusa yana ta gaisuwa, ya kasa haɗa ido da ni. Na bar shi ya gama, sannan na tambaye shi abu ɗaya.

"Wa ya hwara?"

"Ba wanda ya hwara, Baba. Laima na gudu, sai kowa ya kama layinshi munka zuba."

Na dogara sanda na shiga gonar. Allah ya gafarta mini, gurbi nake nema, rami ko ɗaya da ya ƙi tsira, don in samu abin nunawa. Na ja ƙafa har kusurwar gabas, na dawo ta wani layin. Babu. Ko a hannuna ban taɓa ganin shuka ta fito daidai haka ba. Na ce alhamdu lillahi, kuma da gaske nake, don gidan zai ci tuwo bana in Allah ya ƙaro ruwa. Yaron ya yi daidai, da ni ne a matsayinsa haka zan yi. Gero ne dai bai san an yi babu ni ba.

Da na dawo gindin mota ɗan yayana ya ce an share ɗakina, an shimfiɗa tabarma, mata sun dama fura. Ɗana ya daɗe yana kallon fuskata, sannan ya ce a hankali, in ina so in zauna har a gama noman firi, shi zai riƙa kawo mini magani duk mako. Maganar da na kwashe rani guda ina roƙo ke nan. Na dubi gonar, na sa mata albarka, na yi wa yaron addu'ar Allah ya ba shi damina mai kyau. Yaron ya miƙa hannu bayan mota ya kama jakata zai sauke, na ce masa ya bar ta inda take.